Ƙofar Haske da Saurin Labule: Me Ya Sa Babbar Kyamara Ke Ba da Hoton da Bai Kai na Waya Ba?

Me ya sa mutum zai tara kuɗi ya sayi babbar kyamara, ya ɗauki hoto da ita, wani a gefensa ya ɗauka da wayar hannu, sai na wayar ya fito garau, nasa kuwa ya yi duhu ko ya fito dishi-dishi? Wannan ƙorafi ba ya ƙarewa a bakin waɗanda suka fara riƙe kyamara, kuma amsar da suke samu kashi biyu ce. Wasu su ce kyamarar ce ba ta da kyau, a sayar a nemi wadda ta fi ta. Wasu kuma, yawanci waɗanda suka kwana biyu a sana'ar, su ce laifin mai ita ne da ya bar ta a kan Auto, inda ita ke zaɓar komai da kanta, domin a wurinsu duk wanda bai iya ɗauka a kan M ba, wato tsarin da mutum ke saita komai da hannunsa, bai zama mai hoto ba tukuna.

Ni a ganina dukkansu ba su taɓo inda gizo ke saƙar ba. Abubuwa biyu ne ke hukunta kusan kowane hoto: faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga, da tsawon lokacin da aka bar hanyar a buɗe. Kyamara ta iya lissafin yawan hasken da take buƙata, ta ma fi mutum sauri a nan. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da kai kake son nunawa. Wanda ya gane aikin waɗannan biyun zai iya gaya mata, ko da kuwa tsohuwa ce.

## Ɗaki mai duhu da taga ɗaya

Asalin kyamara ɗaki ne mai duhu. Kimanin shekara dubu da suka wuce, Hasan Ibn al-Haisam, malamin da aka haifa a Basra ya kuma yi yawancin aikinsa a Alƙahira, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir yadda haske ke bi ta ɗan ƙaramin rami ya shiga ɗaki mai duhu, ya sauke surar abin da ke waje a jikin bango, a juye. Kyamarar yau ba ta bar wannan tsari ba. An dai sa gilashi a bakin ramin, an kuma maye gurbin bangon da wani ɗan allo mai jin haske da ake kira sensa.

Sensa tara haske take yi. Duk abin da ya sauka a kanta tun daga buɗewa har rufewa, sai ta haɗa shi wuri ɗaya ya zama hoto. Idan ya yi mata yawa, hoton ya ƙone ya yi fari fat. Idan ya gaza, ya yi duhu. To kamar ɗaki mai taga ɗaya da labule, hanya biyu ce ta ƙayyade abin da zai shiga: ko ka ƙara wa tagar faɗi ko ka rage, ko kuma ka daɗe ba ka saki labulen ba ko ka sake shi da wuri.

Ƙofar hasken tana cikin gilashin kansa. Wasu siraran faranta ne, yawanci biyar zuwa tara, da aka jera a da'ira suna matsewa suna buɗewa. Idan ka leƙa ta gaban gilashi za ka gan su. Labulen kuma yana cikin jikin kyamarar, dab da gaban sensa, kuma motsinsa na cikin ƙarar da kake ji idan ka danna.

## Lambar da ke tafiya a baibai

Nan ne yawancin masu koyo ke fara ruɗewa. Ana rubuta faɗin ƙofa da harafin f da lamba: f/2, f/8, f/16. Hankali zai ba ka cewa babbar lamba ita ce babbar ƙofa, alhali akasin haka ne. Dalili kuwa, rabawa ce. Harafin f yana wakiltar tsawon gilashi, wato lambar milimita da ke rubuce a jikinsa. Idan gilashinka 50mm ne ka sa shi a f/2, ka raba 50 gida 2, faɗin ƙofar ya zama milimita 25. Idan ka kai shi f/16, ka raba 50 gida 16, abin da ya rage bai wuce milimita 3 da 'yan kai ba. Rabin abu ya fi kashi ɗaya cikin goma sha shida, shi ke nan sirrin.

Jerin lambobin kuma ba haka kawai aka tsara shi ba: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Duk lokacin da ka matsa daga ɗaya zuwa na gabanta, ka raba hasken gida biyu. Ana kiran wannan mataki ɗaya. Me ya sa ba a yi 2, 4, 8 kai tsaye ba? Saboda ƙofar da'ira ce, kuma idan ka ninka faɗin da'ira sau biyu, filin cikinta sau huɗu yake ninkawa. Don a sami ninki biyu kawai, sai a ƙara faɗin da kusan 1.4. Shi ya sa daga f/4 zuwa f/8 mataki biyu ne, hasken da ya rage kashi ɗaya cikin huɗu ne. Lambobi irin su f/3.5 da f/6.3 da kake gani a tsakani, sulusin mataki ne.

Ka ɗauki kyamararka ka duba gaban gilashin da ta zo da shi. Da yawa za su ga an rubuta 18-55mm 1:3.5-5.6. Ma'anarsa, idan gilashin yana 18mm, iyakar buɗewarsa f/3.5 ce, amma da zarar ka jawo abu kusa har 55mm, ba zai wuce f/5.6 ba. Hasken da ke shiga ya koma ƙasa da rabi ba tare da ka taɓa komai ba. Wannan kaɗai ya bayyana dalilin da ya sa hotunan cikin ɗaki ke lalacewa daidai lokacin da mutum ya jawo fuska kusa.

## Abin da ƙofa ke yi ban da shigar da haske

Da a ce haske ne kawai aikinta, da babu abin tattaunawa. Amma gilashi ba ya iya saita ido sai a kan nisa ɗaya tak. Abin da ke gaba da wannan nisa da abin da ke bayansa suna fara rasa kaifi, kuma ƙofar ce ke faɗin ko za su rasa shi da sauri ko a hankali. Babbar ƙofa, irin f/1.8, tana ba da siririn yanki mai fitowa tar, sauran duk ya narke. Ƙaramar ƙofa, irin f/11, tana faɗaɗa yankin har ya ɗauki na kusa da na nesa.

Ga shi da lamba, a kyamara mai cikakkiyar sensa, wato mai milimita 36 da 24, da gilashin 50mm. Idan mutum yana nisan mita ɗaya ka sa f/1.8, yankin da zai fito tar kusan santimita 4 ne kawai. Idonsa zai fito, kunnensa ya fara dushewa. Idan ya ɗan karkata, ido ɗaya ya fito ɗaya ya ɓace. Ka ja baya zuwa mita 3, yankin ya kai kusan santimita 40. Ka matse zuwa f/8 daga nan, sai ya doshi mita 2.

Yanzu ka hango mutane goma sun tsaya sahu biyu a ɗauke su. Mai hoton ya ji ana yabon hoton da bayansa ya narke, sai ya bar gilashinsa a f/1.8. Na sahun gaba za su fito, na baya kuwa fuskokinsu hazo-hazo, kuma ba za a gane ba sai an buɗe hoton a babban allo bayan kowa ya watse. Wannan asara tana ba ni takaici, domin babu manhajar da za ta dawo da fuskar da gilashi bai kama ba. Hoton taro yana son f/5.6 ko f/8. Narkar da baya ado ne na hoton mutum ɗaya, kuma ko a nan ba ƙofar kaɗai ke yin sa ba. Matsawa kusa da mutumin, da nisanta shi daga bangon da ke bayansa, da amfani da dogon gilashi, duk suna ƙara shi. Mai gilashin 18-55mm ma zai samu idan ya kai shi 55mm, ya matso, ya zaɓi wurin da bayan ke da nisa.

A ɗaya ɓangaren, akwai masu son komai ya fito. A 1932 wasu masu hoto a Kaliforniya, cikinsu har da Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham, sun kafa ƙungiya suka sa mata suna f/64, don nuna cewa su hoto mai kaifi daga gaba har baya suke so. Sai dai su da manyan kyamarori masu faffaɗan fim suke aiki. A kyamarar dijital ta yau, idan ka matse ƙofa ta wuce f/11 ko f/16, haske yana fara lanƙwasa a gefen faranta yana bazuwa, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Yawancin gilasai sun fi kaifi a tsakiya, wajen f/5.6 zuwa f/8.

## Labule da abin da ke motsi

A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton titin Boulevard du Temple a birnin Faris. Titi ne mai karusai da masu tafiya a ƙasa, amma a hoton ya fito wayam. An bar kyamarar a buɗe na mintuna, don haka duk abin da ke wucewa bai tsaya wuri ɗaya ya bar alama ba. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Shekara 40 bayan haka, a 1878, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Palo Alto ya kama doki a guje cikin ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa, har aka ga lokacin da kofatonsa huɗu duk suka bar ƙasa. Duk abin da saurin labule ke yi yana tsakanin waɗannan hotuna biyu: ko ya shafe motsi, ko ya daskarar da shi.

Jerin lambobinsa ya fi sauƙin ganewa: 1/30, 1/60, 1/125, 1/250, 1/500, 1/1000 na daƙiƙa, har zuwa 1/4000 ko 1/8000. Kowane mataki rabin lokacin na bayansa ne, don haka rabin haske. Ta ɗaya gefen yawancin kyamarori suna kaiwa daƙiƙa 30, bayan nan sai B, inda labule ke zama a buɗe muddin yatsanka na kan maɓalli. Ka kula da yadda ake nuna su: kyamarori da yawa suna rubuta 500 kawai a madadin 1/500, idan kuma cikakkiyar daƙiƙa ce sai su sa mata 'yan gajerun layuka biyu a sama, kamar 2". Tsakanin 2" da 200 akwai tazara mai nisa, kuma mutum cikin gaggawa yana iya kasa lura.

Mutumin da ke zaune yana kallonka, 1/125 ta ishe shi. Mai tafiya yana son 1/250. Yaro a guje ko ɗan wasa a fili, 1/500 zuwa 1/1000. Tsuntsu a sama, 1/2000. Waɗannan mafari ne, ana ƙarawa ko ragewa gwargwadon kusancin abin da saurinsa.

Motsi kuma iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana sa mutane sayen abin da ba zai magance musu komai ba. Akwai motsin abin da ake ɗauka, akwai rawar hannun mai ɗauka. Ka buɗe hoton da ya lalace ka faɗaɗa shi. Idan komai ya goge ta fuska ɗaya, har bango da kujera, hannunka ne ya yi rawa. Idan bangon ya fito tar amma mutumin ya goge, shi ne ya motsa. Idan kuma babu gogewa, sai dai fuskar ta yi laushi alhali rigarsa ko abin da ke bayansa ya fito, to matsalar saita idon gilashi ce ko ƙofa, labule ba shi da laifi.

Game da rawar hannu akwai tsohuwar ƙa'ida: kada saurin ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi. Gilashin 50mm, 1/50 ko sama. Na 200mm, 1/200 ko sama. Idan sensarka ƙarama ce sai ka fara ninka tsawon, da 1.5 a irin na Nikon da Sony da Fujifilm, da 1.6 a na Canon. Na'urar hana girgiza da ake sakawa a gilashi ko a jikin kyamara tana ba ka damar sauka matakai da dama ƙasa da haka, amma hannunka kawai take gyarawa. Yaron da ke tsalle bai san da ita ba.

Ba kullum ake gudun gogewa ba. Ruwan da ke gangarowa daga dutse, idan aka ɗora kyamara a kan ƙafafunta uku aka ba shi daƙiƙa ɗaya, yana fitowa sumul. Mai keke a guje, idan ka sa 1/30 ka bi shi da kyamara yayin da kake dannawa, shi zai fito bayansa ya goge, mai kallo ya ji gudun a jikinsa. Wanda aka daskarar a 1/4000 kuwa wani lokaci sai ya zama tamkar a tsaye yake.

## Cinikin ba-ni-in-ba-ka

Tun da kowane ɗaya da mataki yake tafiya, abin da ka ƙwace a nan kana iya mayar da shi a can. Masu hoto suna da wani ma'auni da suka gada tun zamanin fim: a rana tsaka mai haske, da ISO (ma'aunin ƙarfafa hasken da sensa ta samu) a kan 100, f/16 da 1/125 suna ba da hoto daidai. Ka buɗe zuwa f/11, sai ka ƙara sauri zuwa 1/250. Haka f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, f/4 da 1/2000, f/2.8 da 1/4000. Duka shidan haskensu ɗaya ne. Amma na farko zai nuna maka mutum da itatuwan bayansa da ƙafarsa da ta ɗan goge, na ƙarshe kuma ya ba ka mutumin shi kaɗai a daskare, bayansa a narke. Wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Kyamara a kan Auto za ta zaɓi ɗaya daga cikin shidan, kuma a lissafinta ba ta yi kuskure ba, ko da ba shi kake so ba.

Lissafin ya kuma nuna wani abu. Mai son f/1.8 a tsakar rana zai buƙaci saurin da ya wuce 1/8000, kyamararsa kuwa wataƙila a 1/4000 ta tsaya. Hoton zai ƙone. Mafita ita ce ya koma inuwa, ko ya ɗaura wa gilashin baƙin tabarau mai rage haske, wanda ake sayarwa da sunan ND.

Cikin ɗaki da dare kuma labarin ya juye. Idon mutum yana sabawa da wuri, shi ya sa muke ganin ɗaki mai fitila kamar yana da haske sosai, alhali hasken rana ya ninka shi sau ɗaruruwa. A irin wannan ɗaki, da gilashin nan a 55mm da f/5.6 da ISO 400, kyamara tana iya sauka har 1/8 na daƙiƙa. Babu hannun da zai riƙe wannan, babu yaron da zai tsaya masa. Ka sa gilashin 50mm mai f/1.8, hasken da ke shiga ya ninka kusan sau goma, saurin ya hau wajen 1/80. Irin wannan gilashi yana cikin mafi araha a wurin kusan kowane kamfani, kuma ga mai fama da hoton cikin ɗaki ya fi masa amfani a kan sabuwar kyamara da za ta zo da irin gilashin da ya baro.

Na ukunsu shi ne ISO. Shi ba ya ƙara hasken da ke shiga, ƙarfafa abin da sensa ta samu yake yi, kuma shi ma ninki-ninki yake tafiya: 100, 200, 400, 800, 1600. Idan hasken ya yi kaɗan aka ƙarfafa shi, hoton yakan yi ɗige-ɗige. Masu koyo suna tsoron wannan fiye da kima. Hoto mai ɗige-ɗige wanda fuskar ta fito ana iya gyara shi a yi amfani da shi, wanda ya goge kuwa ya tafi ke nan. A ɗakin nan na sama, da gilashin f/1.8, ɗaga ISO daga 400 zuwa 1600 zai kai ka wajen 1/320, yaron ya fito.

## Rigimar M da Auto

A saman yawancin kyamarori akwai ɗan faifai da ake murzawa mai haruffa. A kan A, ko Av a Canon, kai ke zaɓar ƙofa, kyamara ta nemo saurin da ya dace. A kan S, ko Tv a Canon, kai ke zaɓar sauri, ita ta nemo ƙofa. A kan M duka biyun suna hannunka. A kan P ita ke zaɓar duka, amma tana barinka ka murza ka sauya haɗin.

Masu cewa sai M suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A ɗakin ɗaukar hoto mai fitilun filasha, M ce kawai ke aiki yadda ya kamata. Haka idan haske ba ya canzawa amma abin da ke bayan mutum yana canzawa, kamar mai jawabi da ke kai-komo tsakanin farin bango da baƙin labule: duk wani tsari mai sarrafa kansa zai riƙa hawa da sauka, hotunan su fito kowanne da haskensa. Hoton taurari ma haka. Sannan gaskiya ne wanda ya yi wata guda a kan M yana koyon karanta haske da idonsa.

Inda na rabu da su shi ne mayar da ita ma'aunin ƙwarewa. Da yawan masu ɗauka a kan M, abin da suke yi shi ne murza faifai har alamar ma'aunin haske ta zo tsakiya. Wannan daidai yake da abin da kyamara za ta yi da kanta, sai dai ita a ƙiftawar ido. Idan mutum na bin abin da ke faruwa, ana shiga inuwa ana fita rana, lokacin da ya ɓata yana murzawa shi ne lokacin da abin ya wuce. Ƙwararru da yawa a kan A suke yini, ba su kuma jin kunyar faɗa.

Shawarar da nake ba mai farawa ita ce, kafin ya ɗaga kyamara ya tambayi kansa abin da ba zai yarda ya rasa ba a wannan hoton. Idan zurfi ne, ko na taro ko na narkar da baya, ya hau A ya zaɓi ƙofarsa, amma idonsa na kan saurin da kyamara ta ba shi. Da ya ga ya faɗi ƙasa da 1/125 alhali mutane yake ɗauka, ya ɗaga ISO. Idan motsi ne, ya hau S. Akwai kuma hanya ta tsakiya da kyamarorin zamani suka kawo: a sa M, a zaɓi ƙofa da sauri, a bar ISO a kan Auto ya riƙa cike giɓin. Koyon ma ba ya cin kuɗin fim yanzu, kuma kowane hoto yana ajiye lambobin da aka ɗauke shi da su. Danna maɓallin bayani a kan hoton da ya lalace zai nuna maka f nawa, sauri nawa, ISO nawa.

## Inda ma'aunin kyamara ke ruɗewa

Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana ɗauka cewa idan aka gauraya duk abin da ke gabansa, zai ba da toka-toka, tsaka-tsaki. Yawanci hakan na tafiya daidai. Amma ka nuna masa farin bango ko mutum cikin fararen kaya, sai ya ga haske ya yi yawa ya rage, farin ya koma toka, fuskar kuma, musamman ta mai duhun fata, ta nutse. Haka idan mutum ya juya wa taga baya. Ka nuna masa wuri mai duhu, sai ya ƙara haske har baƙi ya koɗe.

Maganin yana kan wani maɓalli mai alamar +/- da mutane da yawa ba su taɓa dannawa ba. Fari ya cika hoton, ka ƙara +1. Baƙi ya cika, ka rage zuwa -1. Amma a yi hattara wajen ƙarawa, domin sensa ta fi yafe duhu a kan ƙuna. Wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi a kwamfuta, wanda ya ƙone ya zama fari fat babu komai a cikinsa. Ka kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allon kyamara, ya fi dogaro da ido, musamman a rana inda allon kansa ba ya ganuwa sosai.

## To ita waya fa?

Waya ba ta karya waɗannan dokoki ba, zagaye su take yi. Ƙofar yawancin wayoyi a kafe take wuri ɗaya, wajen f/1.8, ba ta matsewa. Kaɗan ne suka fita daban, kamar Samsung Galaxy S9 ta 2018 mai sauyawa tsakanin f/1.5 da f/2.4. Da yake gilashinta 'yan milimita ne kuma sensarta ƙarama, kusan komai yana fitowa tar ko a f/1.8, shi ya sa da wuya ta ɓata hoton taro. Narkar da baya da take yi, wanda ya yaɗu bayan iPhone 7 Plus ta 2016, lissafin manhaja ne, kuma ana gane shi a gefen gashi ko tsakanin yatsu inda yankan ke kaucewa. Da dare kuma ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Tana ɗaukar da yawa a jere ta haɗa su ta fitar da ɗaya, ta kuma gyara launi da haske kafin ka gani.

Babbar kyamara hoto ɗaya take ɗauka, ta miƙa maka shi kusan yadda ya shigo. Sensarta ta ninka ta waya girma sau da yawa, tana iya abin da waya ba ta iyawa, kamar tsayar da ɗan wasa daga nesa ko narkar da baya na gaskiya, amma sai an gaya mata. Mai waya ma yana iya fara koyo, domin da yawansu suna da sashen Pro inda ake sauya sauri da ISO.

## Filasha da bidiyo suna da nasu sharaɗi

Labulen yawancin kyamarori biyu ne, ɗaya ya buɗe ɗaya ya biyo shi ya rufe. Idan saurin ya wuce wajen 1/200 ko 1/250, na biyun yana tasowa tun na farko bai kai ƙarshe ba, don haka babu lokacin da sensa take a buɗe gaba ɗaya. Filasha ta haska a wannan hali, sai ka ga baƙin layi ya cinye gefen hoton. Ka tsaya a ƙasa da wannan iyaka, sai fa idan filasharka na da tsarin aiki da babban sauri. A nan aikin ya rabu: ƙofa ce ke ƙayyade hasken filasha a fuskar mutum, sauri kuma ya ƙayyade yadda hasken ɗakin zai fito a bayansa.

A bidiyo ba ka da 'yancin murza sauri yadda ka ga dama. An saba sa shi ya zama ninki biyu na adadin hotunan da ake ɗauka a daƙiƙa: idan 25 ne, 1/50, idan 30 ne, 1/60. Ya wuce haka da yawa, motsi ya riƙa tsinkewa. Wutar lantarki ma tana da ta cewa. A ƙasashen da wutarsu ke bugawa sau 50 a daƙiƙa, kamar na Turai da Afirka, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100, don haka 1/50 ko 1/100 ne ke hana layuka yawo a hoton. A Amurka, inda take bugawa sau 60, sai 1/60 ko 1/120. Da yake saurin a ɗaure yake, mai bidiyo a rana ba shi da abin rage haske sai ƙofa da ISO, kuma idan yana son ya bar ƙofar a buɗe don bayan ya narke, dole ya nemi tabaran ND ya ɗaura.